Lilon yara a tsakar gida da kuɗi kaɗan

Tambaya: Assalamu alaikum. Yaya zan haɗa wa yara lilo a gida cikin sauƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Samo tsohuwar taya wajen mai faci, wadda wayarta ba ta fito ba. A huda ƙasanta wuri 3, don kada ruwan sama ya kwanta sauro ya hayayyafa. A rataye ta da igiyar nailan mai kauri a reshen darbejiya ɗanye, mai kaurin inci 8.

Amsa: A zura igiyar cikin guntun tiyo inda take gugar reshe, don a wurin ne take tsinkewa. Ƙasa kuwa yashi, zurfin santimita 30, ban da siminti.

Amsa: A riƙa rufe yashin da buhu da dare saboda kashin kyanwa. Da safe a duba kunama.