Jamusancin da ake buƙata a gaban likita da wurin motsa jiki: ta ina zan fara?

Baban Khalil:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata takwas ke nan da zuwana Jamus, ina aiki a wani ɗakin ajiyar kaya a birnin Essen, da yamma kuma ina zuwa ajin koyon harshe, inda na kai matakin A2, wato mataki na biyu na masu fara koyo. A kanti da tashar jirgin ƙasa ba na shan wahala, amma makon jiya da ciwon baya ya kai ni wurin likita sai na ga abin da na koya bai ishe ni ba. Likitar ta tambaye ni wane irin ciwo nake ji, ban iya cewa komai ba sai "Schmerzen", wato ciwo, ina nuna ƙuguna da hannu. Da zan fita aka ba ni ranar ɗibar jini, aka ce in zo "nüchtern". Na duba ƙamus a waya, na ga kalmar tana nufin wanda bai sha giya ba, don haka na karya kumallo da shayi da burodi na tafi, aka sallamo ni aka sa mini wata rana. Likitar ta kuma ce in fara motsa jiki saboda bayan. Ina roƙon waɗanda suka riga ni zuwa su nuna mini abin da ya kamata in fara koya, domin lafiya ba abin da mutum zai yi ta kame-kame a kansa ba ne.

Maman Amira:

Wa alaikumus salam, Baban Khalil, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan ƙasar, kuma abin da ya same ka game da "nüchtern" ya sami mutane da yawa. Kalmar tana da ma'ana biyu, amma a bakin likita ko mai ɗibar jini nufinta shi ne ka zo ba ka ci komai ba, yawanci tun daren jiya, sai dai ruwa zalla idan an yarda maka.

Shawarata ita ce kada ka fara da haddace sunayen cututtuka, domin sanya wa cuta suna aikin likita ne. Abin da ake so daga gare ka shi ne ka faɗi inda yake maka ciwo, da tun yaushe, da yadda ciwon yake. Za ka ji an ce "Wo tut es weh?", wato ina ne yake ciwo, sannan "Seit wann?", wato tun yaushe. Amsar tana kama da yadda muke magana a gida: "Mein Rücken tut weh" daidai yake da "bayana yana ciwo", sai ka ƙara "seit zwei Wochen", wato mako biyu ke nan. Wurin da ka maƙale kuwa kalmomi kaɗan ne suke buɗe shi. Ciwo mai suka kamar an caka maka allura shi ne "stechend", mai raɗaɗi kamar wuta "brennend", mai bugawa kamar zuciya "pochend", wanda yake ja yana sauka zuwa ƙafa "ziehend", mai nauyi da ba shi da kaifi kuma "dumpf". Ga mai ciwon baya wannan bambanci yana da amfani ƙwarai, domin ciwon da yake sauka ƙafa tare da sagewa, wato "Taubheit", yakan sa likita ya yi tunanin jijiya ce ta matsu.

Akwai kuma wani gini da ya kamata ya zauna maka a baki. Abin da jiki yake ji ana faɗinsa da "mir ist": "Mir ist schwindlig" idan jiri kake ji, "Mir ist schlecht" idan zuciyarka tana tashi, "Mir ist heiß" idan zafi kake ji. Kada ka ce "Ich bin heiß", domin ma'anarsa ta shafi sha'awa, ba ta dace da wurin ba ko kaɗan.

Abin da ya fi damuna da mutanenmu shi ne fassara sunayen da muka saba da su kai tsaye. A gida idan mutum ya ce zazzaɓi yake yi, kowa ya fahimci sauro ake zargi. A nan "Fieber" zafin jiki ne kawai, kuma za a tambaye ka ko ka auna, ya kai digiri 38 ko bai kai ba. Haka basir da sanyi da shawara, kowanne a wurinmu ya ƙunshi alamomi iri-iri, don haka ka bar sunan ka bayyana abin da ka gani da abin da ka ji. Idan kuma ka dawo daga ganin gida zazzaɓi ya kama ka, jumlar farko da za ta fito daga bakinka ita ce "Ich war in Nigeria", tare da ranar dawowarka, ka kuma ambaci "Malaria" da kanka, domin likitan unguwa a Jamus ba kullum yake ganin wannan cuta ba, jinkiri kuwa yana iya kai mutum ga halaka.

Ɗan Zinder:

Malam Baban Khalil, ni zan taɓa ɓangaren motsa jikin. Wurin ana kiransa "Fitnessstudio", kuma kafin ka sa hannu a komai ka nemi "Probetraining", wato zuwan gwaji. A takardar yarjejeniya ka nemo kalmomi biyu, "Laufzeit" da "Kündigungsfrist", tsawon lokacin da ka ɗaure kanka da kuma wa'adin sanar da fita, domin a nan ne baƙi suke asarar kuɗi. A ciki, "aufwärmen" shi ne ɗumama jiki, "dehnen" miƙa gaɓoɓi, idan mai horarwa ya ce "drei Sätze, zwölf Wiederholungen" yana nufin zagaye 3, kowanne sau 12. Tsamin jikin da ake tashi da shi washegari sunansa "Muskelkater", kuma ba rauni ba ne. Ka lura cewa a can kusan kowa "du" yake kiran kowa, wato "kai" na sabo, amma likita "Sie" ne, wato "ku" na girmamawa. Tun da baya ne matsalarka, ka tambayi asusun inshorarka, wato "Krankenkasse", game da "Rückenschule", wato kwas ɗin motsa jiki don lafiyar baya, domin da yawa daga cikinsu suna mayar da wani kaso na kuɗin irin wannan kwas.

Malam Na-Allah:

Na yarda da Hajiya Maman Amira, sai dai ina ganin mutumin da yake A2 bai kamata ya dogara da kansa kaɗai ba idan maganar ta yi nauyi. Ka rubuta bayaninka a takarda tun daga gida, ka tafi da wanda ya fi ka harshen, amma ba yaro ƙarami ba, domin akwai abin da uba ba zai faɗa a gaban ɗansa ba. Kada ka ji nauyin cewa "Können Sie das bitte aufschreiben?" don a rubuta maka. Ka kiyaye da agogo: "halb zehn" ƙarfe 9:30 ne, ba 10:30 ba. Idan ka ga 1-0-1 a kan magani, ɗaya da safe, babu da rana, ɗaya da yamma. Lambar gaggawa 112 ce, 116117 kuma ta likitan da yake bakin aiki ce da dare ko ƙarshen mako, idan abin bai kai na motar asibiti ba. Lokacin azumi ka ce wa likita "Ich faste" tun kafin ya tsara maka shan magani. Don sabawa da sauraro, darussan Jamusanci na tashar DW a intanet kyauta ne.

Baban Khalil:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gane nawa ciwon "ziehend" ne, domin yana sauka ta cinyata ta hagu idan na daɗe a tsaye. Na rubuta jumlolin a takarda, zan kai wa likitar ranar Talata. Hajiya Maman Amira, idan ina so in tambayi mai kantin magani ko akwai sinadarin alade a kwanson maganin, yaya zan faɗa?

Maman Amira:

Ka ce "Ist da Schweinegelatine drin?" Idan ya ce akwai, ka tambaye shi ko ana samun maganin a ƙwaya, wato "als Tablette", amma kada ka daina shan wanda aka rubuta maka kafin ka yi magana da likitarka.