Rubutun lacca: na malami ne, na ɗalibi ne, ko na jami'a?

Wakilin Aji

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. A kowane aji akwai mai saurin hannu da kyan rubutu. Ya rubuta lacca, ya koma ɗaki ya gyara, ya ƙara zane da misalai, wani ya buga masa a kwamfuta ya mai da shi PDF. Kafin jarrabawa takardar ta zagaye WhatsApp, ta isa shagon fotokwafi na bakin ƙofa, wani lokaci har shafukan intanet na waje. Sai malami ya ce an sace masa lacca, ɗalibi ya ce da hannunsa ya rubuta, sashe kuma ya ce ai komai na jami'a ne. Waɗanda aikinsu ya shafi wannan, don Allah a fayyace mana: na wa ne?

Lauya

Wa alaikumus salam. Gardamar tana tsawo ne saboda ana ɗaukar littafin rubutun a matsayin abu ɗaya, alhali abu uku ne a cikinsa.

Na farko shi ne ilimin kansa: shekarar da aka yi wani yaƙi, ƙa'idar lissafi, sunayen ƙasusuwan jiki, matakan gwaji a ɗakin kimiyya. Wannan ba na kowa ba ne. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1988, ba ta kare tunani ko hanyar aiki ko ƙa'ida. Abin da take karewa shi ne yadda aka faɗe su. Malami ba zai hana ɗalibi rubuta abin da ya koya da kalmominsa ba.

Na biyu lafazin malami da tsarinsa: jimlolinsa, jerin da ya bi, misalan da ya ƙirƙiro, teburin da ya zana, tambayoyin da ya tsara. Dokar ta lissafa lacca da jawabi da huɗuba cikin ayyukan adabi, bisa sharaɗi biyu: a ga ƙoƙarin da ya sa aikin ya zama na mai shi, kuma a adana shi a wani abu, takarda ko fayil ko murya. Ba sai an yi rajista ba. Kariyar tana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubucin ya rasu.

Na uku aikin ɗalibi: taƙaitawarsa, zanensa, bayanin da ya ƙaro daga karatunsa. Wannan nasa ne, kuma malamin da ya kwashe shi ya zuba a littafinsa ba tare da izini ba, shi ma ya taka doka. Ana yawan mantawa da wannan ɓangaren.

Gwajin da nake ba mutane: ajiye rubutun ɗalibi kusa da handawut ko silaid na malami, a bi sakin layi ɗaya bayan ɗaya. Inda jimla ta zo iri ɗaya, ko jerin kanun magana da misalai suka zo iri ɗaya, na malami ne ko da an sauya 'yan kalmomi. Abin da ya rage shi ne na ɗalibi.

Malamar Jami'a

Barista, bari in ƙara abin da ke faruwa a cikin aji, domin a nan hukuncin yake sauyawa. Koyarwa iri biyu ce. Akwai malamin da ke yin shifta, yana karantawa daga takarda ɗalibai suna rubutawa kalma da kalma. Littafin ɗalibi a nan kwafin takardar malami ne kawai, komai kyan hannunsa. Akwai kuma mai bayani da ka, yana amsa tambaya yana komawa baya. Ɗalibai goma za su fita da rubutu iri goma, kuma kowanne yana da rabo mai yawa a nasa.

Amma maganar da ta fi damun mu malamai ita ce ta jami'a. Idan albashi ake biyana don in koyar, laccar tawa ce ko ta ma'aikata?

Lauya

Malama, sashe na 28 na dokar ya ce asali haƙƙin na wanda ya rubuta ne, sai dai in yarjejeniya ta ce akasin haka. Amma ya keɓe aikin da mutum ya yi a bakin aikinsa na gwamnati ko ma'aikata ko hukumar gwamnati: wannan na gwamnatin ne ko hukumar, in babu yarjejeniyar da ta saɓa. To malamin jami'a mai zaman kanta yana kan asali. Na jami'ar tarayya ko ta jiha kuwa, a nan lauyoyi ke jayayya kan ko jami'ar na cikin waɗannan hukumomi. Kada ki dogara da al'ada. Ki duba takardar ɗaukarki aiki, da littafin sharuɗɗan aiki, da manufar jami'a kan mallakar fasaha in akwai. Ki lura kuma da kwas ɗin da aka biya ki kuɗi na musamman ki rubuta, kamar na karatu daga nesa, domin a irinsa galibi an sa hannu kan miƙa haƙƙi. Miƙa haƙƙi gaba ɗaya ba ya inganta sai a rubuce. Izinin amfani na yau da kullum kuwa yana iya zama da baki, ko a fahimce shi daga halin mutum, kuma wannan ne ke kama malamai: wadda ta tura PDF ga wakilin aji ta ce a raba, ta ba da izinin rabawa a ajin. Ba ta ba da izinin sayarwa ba.

Rigimar tsohuwa ce. A 1887 kotun ƙoli ta Birtaniya ta yanke shari'ar Edward Caird, farfesan falsafa a Jami'ar Glasgow, da wani mai sayar da littattafai da ya buga laccocinsa daga rubutun ɗalibai. Aka ce yin lacca ga ɗaliban aji ba sakin ta ga duniya ba ne, ɗalibi ya rubuta don kansa amma ba don kasuwa ba. A 1969 wata kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta yi irin wannan hukunci ga wani malamin Jami'ar UCLA mai suna Williams, a kan kamfanin da ke biyan ɗalibai su rubuto lacca yana bugawa yana sayarwa. Kamfanin ya ce laccar ta jami'a ce, kotu ta ce ta malami ce. A 2000 jihar ta yi doka ta musamman da ta hana cinikin rubutun lacca ba da izini ba, bayan kamfanonin intanet sun shigo harkar. Waɗannan ba dokokinmu ba ne, amma duk sun tsaya a wuri ɗaya: sayarwa.

Mai Shagon Fotokwafi

Ranku ya daɗe, ga yadda abin ke lalacewa a wajenmu. Takarda ba ta zuwa da sunan kowa. Shafin farko, inda sunan malami da lambar kwas da shekara suke, shi ake fara cirewa, wani don rage kuɗin shafi ɗaya, wani don kada a gane. Bayan an yi kwafin kwafi sau uku ko huɗu, ƙananan lambobi da alamomin lissafi sun dushe, layin ƙasan shafi ya yanke. Ɗalibi ya haddace kuskure ya kai jarrabawa, sunan malami kuma ya ɓaci a kan abin da bai faɗa ba. Sai kuma tsohon kaya: rubutun shekara biyar da suka wuce yana cikin kwamfutar shago, malami ya sauya rabin kwas, ana nan ana bugawa.

Bambancin da ya kamata kowane mai shago ya riƙe: ɗalibi ya kawo littafin abokinsa a yi masa kwafi ɗaya don ya rasa lacca, wannan aikin inji ne. Amma a ajiye fayil, a buga hamsin, a ɗinke, a jera a tebur da farashi, wannan bugu da sayarwa ne, kuma mai shago ne a gaba in magana ta tashi, ba ɗalibin da ya kawo ba. Wanda zai ajiye fayil ya nemi takardar izini mai sa hannun malami da kwanan wata, ya goge fayil ɗin a ƙarshen zango.

Malamai su ma su sa sunansu da shekara a ƙasan kowane shafi, ba a bango kaɗai ba.

Ɗalibin Fiƙihu

Akwai masu cewa duk wannan ɓoye ilimi ne, kuma addini ya hana. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta duba mas'alar a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare. Kuma ladabin karatun zaure ya riga ya raba gardamar: almajiri yana rubuta bayanin malaminsa a gefen littafi, yana koyar da shi, amma yana cewa daga wane ya ji. Yaɗa ilimin daban, cire sunan mai shi a ci kuɗi da shi daban. Sai dai a faɗi ɗaya gefen: malamin da ke tilasta sayen handawut, har ya ɗaura makin ɗalibi a kai, ba haƙƙinsa yake karewa ba, zalunci yake yi, kuma jami'o'i da yawa sun haramta shi.

Ma'aikaciyar Laburare

Sashe na 20 na Dokar Haƙƙin Mallaka ne mafakar ɗalibi. Ya halatta amfani na adalci don karatun kai da binciken da ba na kasuwanci ba, kuma ana auna abu huɗu: manufar amfanin, irin aikin, yawan abin da aka ɗiba, da illarsa ga kasuwar mai shi. Rukunin WhatsApp na 'yan aji ɗaya yana kusa da halas. Tashar Telegram mai dubban mutane daga jami'o'i daban-daban ta yi nisa da shi, ko da kyauta ake rabawa, musamman in malamin yana shirin mai da laccar littafi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake hana ɗalibai makafi naɗar lacca da sunan haƙƙin mallaka. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh, ta sauƙaƙa wa makafi samun littattafai, a 2017, kuma dokar 2022 ta ba da damar mai da rubutu zuwa sigar da makaho zai iya amfani da ita, rubutun makafi ko murya ko fayil da manhaja ke karantawa, ba tare da neman izini ba. Ku ba su fayil na asali. PDF ɗin da aka yi da hoton waya, manhajar karatu ba ta ganin komai a cikinsa sai an bi ta wata manhajar da ke gane haruffa, ita kuma tana yawan ɓata haruffanmu masu lanƙwasa.

Wanda ya ga aikinsa a shafin intanet, ga matakai: ya ɗauki hoton shafin da adireshinsa da kwanan wata, ya ajiye fayil ɗinsa na asali da ke nuna ranar da aka yi shi, sannan ya aika takardar neman a sauke. Ta ƙunshi sunan aikin, ainihin adireshin kowane shafi, bayanin cewa shi ne mai haƙƙi kuma bai ba da izini ba, da sa hannu. Dokarmu ta tanadi wannan daga sashe na 54, manyan shafukan Amurka kuma suna da fom nasu a ƙarƙashin dokarsu ta 1998. Takardar neman a sauke tana iya faɗuwa in aka ba da adireshin shafin gaba ɗaya maimakon na ainihin inda aikin yake.

Injiniyan Manhaja

Ɗalibai su san abin da suke dannawa. Shafuka irin su Course Hero da Studocu suna buɗe maka takardun wasu in ka ɗora naka. A sharuɗɗan da ka amince da su ka tabbatar cewa kana da haƙƙin abin da ka ɗora, ka kuma ba kamfanin izinin amfani da shi. In na malami ne, laifin yana kanka. A 2022 wani farfesa a Jami'ar Chapman ta Kalifoniya ya kai ƙarar ɗaliban da bai san sunansu ba saboda sun ɗora tambayoyin jarrabawarsa a Course Hero, don kotu ta sa a bayyana su.

Sabon abu shi ne ƙirƙirarriyar basira. Ɗalibi ya naɗi lacca a waya, manhaja ta mai da ita rubutu, wata ta taƙaita. Wannan rubutun ba shi da ƙoƙarin ɗalibi da Barista ya ambata, kusan duka lafazin malami ne. Muryar kuma ta tafi kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, tare da muryoyin 'yan ajin da suka yi tambaya, har da sunayensu in an kira. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shigo ke nan. Ana ta muhawara a manyan taruka kan ko kamfanoni na da damar horar da manhajojinsu da rubutun mutane, amma kayan suna fita ne daga aljihun ɗalibi a aji, inda babu wanda ya gaya masa komai. Mafi ƙaranci, a shiga saitin manhajar a kashe amfani da bayanai don horarwa, a kuma goge muryar bayan an gama.

Malamar Jami'a

Injiniya ya taɓo inda gyaran yake. Layi huɗu a takardar tsarin kwas, ranar farko, suna kashe yawancin rigimar. Ga irin abin da za a rubuta: silaid da handawut da tambayoyin wannan kwas na malami ne, an yarda 'yan ajin bana su kwafa su raba a tsakaninsu. Rubutun da ɗalibi ya yi da kalmominsa nasa ne. Ba a yarda a sayar ko a ɗora kayan malami a shafin waje ba sai da izini a rubuce. Mai son naɗar murya ya sanar tun farko, masu buƙata ta musamman kuma an ba su izini.

Wanda yake son kayansa su yaɗu, ya sa musu lasisin Creative Commons, wato izinin kowa ya kwafa ya raba, mai sharaɗin ambaton suna da hana kasuwanci, ya ajiye su a rumbun laburaren jami'a, inda kowa zai sami sahihin kwafi mai shekara a jiki. Wakilin Aji, ku kai wannan gaban shugaban sashe kafin a fara zango mai zuwa, ku nemi a sa shi a kowane kwas.