Wane suna za mu ba "kaunsilin" na yara?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Kalmar da nake so mu zauna a kanta yau ita ce "kaunsilin", wadda ake ji a bakin ma'aikatan lafiya da na ƙungiyoyin agaji a Gusau da Anka da Talata Mafara. Abin da suke nufi shi ne wanda ya samu horo ya riƙa zama da yaro ko matashin da halinsa ya sauya, zama bayan zama, har nutsuwarsa ta dawo. Ƙaramin yaro ta hanyar wasa da zane ake jin cikinsa, matashi kuwa ta hira, iyaye ma ana koya musu yadda za su bi da shi a gida. Babu allura, babu ƙwaya.

Aron kalma ba laifi ba ne, asibiti da likita duk aro ne kuma sun zauna. Amma wannan ba za ta zauna ba, domin mai yin aikin sai ya koma "kansila", mu kuwa kansilan da muka sani shi ne na mazaɓa.

Bukatar kuma a ƙofar gida take. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A watan Yunin shekarar aka afka wa kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Kebbi. Waɗannan duniya ta ji labarinsu. Akwai kuma yaran ƙauyukan da aka tasa, waɗanda ba wanda ya ƙirga. Yaro ya ji ƙarar babur ya ruga ƙarƙashin gado. Yarinyar da ta daɗe da daina fitsarin kwance ta koma yi. Wani ya daina magana, wani kuma ya zama mafaɗaci, kullum sai an raba shi da wani a makaranta. Mu kuma sunayen da ke hannunmu su ne kangararre, gagararre, mai kunnen ƙashi, ko a ce iska ce ta taɓa shi. Sunan farko bulala yake jawowa, na ƙarshe kuma hayaƙi da turare. Uwa ba za ta nemi taimakon da ba ta san sunansa ba.

To ga sunayen da mutane suka kawo don maye gurbin "kaunsilin".

Nasiha ita ce ta fara zuwa bakin kowa, kuma kalma ce mai daraja. Sai dai a nasiha babba ne ke magana, yaro ya sunkuyar da kai yana saurare. A wannan aikin yaron ne ke magana, babban ya yi shiru ya saurara, ko da yaron zai ɗauki makonni kafin ya buɗe baki. Yaron da aka kashe mahaifinsa a gabansa ya sha jin "ka yi haƙuri" daga kowa, kuma haƙuri da addu'a suna nan a matsayinsu, ba wanda zai taɓa su. Abin da bai samu ba shi ne wanda zai tambaye shi me yake gani idan ya rufe ido da dare. Idan muka ce nasiha, kowane kawu zai ce ai ya riga ya yi.

Shawara kuwa ta yi faɗi da yawa, kuma a bakin uwa mai goyo shawara ita ce cutar da ke sa idon jariri ya yi rawaya. Rarrashi na tsayar da kukan yanzu ne kawai.

Duk sunan da aka sa "hankali" ko "ƙwaƙwalwa" a ciki, ni ina tsoronsa. Da an ce a kai yaro a duba masa ƙwaƙwalwa, tunanin uba ya tafi Kware, asibitin masu taɓin hankali, ya fara lissafin wa zai auri 'yarsa idan maganar ta fita. Asibitin Kware na Sakkwato aiki mai amfani yake yi, kuma akwai yaran da can ɗin ne ya dace da su. Doka ma ta sauya: a Janairun 2023 aka sanar da sa hannun shugaba Buhari a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma tsoron da ke cikin gidaje bai sauya tare da ita ba. "Jinyar zuciya" ta yi daɗi a kunne, sai dai za a ɗauka maganar hawan jini ce.

Ni inda na tsaya shi ne "jinyar damuwa". Jinya ba maganin sha-yanzu-magani-yanzu ba ce, zama ne kusa da mutum, a bi shi sannu a hankali har ya miƙe, kuma dangi na da hannu a ciki. Damuwa kuma ba abin kunya ba ce, malami da sarki da talaka kowa na iya cewa yana cikinta ba tare da an nuna shi da baki ba. Ku gwada a jimla: "Inna, ki kawo shi ranar Laraba, za a fara masa jinyar damuwa." Babu abin da zai sa ta ɓoye wa maƙwabciyarta.

Baba da ka ce yaro me ya sani na damuwa, bai ciyar da kowa ba bai tufatar ba, Allah ya ƙara girma. Damuwar yaro ba ta fitowa ta baki kamar ta babba, ta hali take fitowa: rashin barci, ƙin abinci, ƙin makaranta, faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin masu shekara 10 zuwa 19, kusan ɗaya cikin bakwai na fama da irin wannan lalura.

Malama da kika ce sunan bai haɗa dukan matsalolin yara ba, gyaranki ya karɓu. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, kuma dalma na barin wa wanda ya rayu wahalar koyo da sauyin hali. Wannan yana bukatar gwajin jini da likita. Haka mai farfaɗiya, da matashin da ya fara cewa gara ya mutu, shi kam a ranar za a kai shi asibiti, ba a jiran zama na gaba.

Saura sunan mai yin aikin. "Mai jinya" zai rikice da majinyaci ko da nas. Na so "jami'in jinyar damuwa", amma ya yi tsawo ga bakin yaro. Mutanen Argungu da Yauri da Zuru, yaya "jinyar damuwa" ta faɗo a kunnenku, kuma me za ku kira mai yin ta?