Zan iya kai motar lantarki Kumasi daga Nima?

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da na fito da ƙaramar motar lantarki ƙirar China daga Tema. Gidan haya nake a Nima cikin Akra, mu shida ne a kan mita ɗaya, don haka a wajen aiki nake caji. Ranar Asabar akwai sunan ɗan ƙanwata a Aboabo cikin Kumasi, kuma da Hajiyarmu zan tafi. Jiya na je wani gidan mai da aka ce akwai wurin caji, na juya kan wayar cajin ta kowace fuska, ya ƙi shiga bakin motata. Da kashi 18 na lallaɓa gida, gabana na faɗuwa. In ta cika, kilomita 300 take nunawa. Za ta kai mu kuwa?

Direba daga Madina:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, buɗe murfin ka duba. Motar da aka ƙera don kasuwar China bakinta GB/T ne, rami biyu daban: ɗaya na caji a hankali, ɗaya na sauri. Na hankalin ya yi kama da Type 2 na Turai kamar an tsaga kara, amma ba sa shiga juna, ina jin abin da ya same ka ke nan. Inda nake caji duk Type 2 da CCS2 (bakin cajin sauri na Turai) ne, sai da adafta. Ta cajin sauri tana da tsada, kuma kada ka biya sai an gwada ta a motarka a gabanka.

Alhaji daga Asawase:
Yaro, Akra zuwa Kumasi wajen kilomita 250 ne. Wannan 300 ɗin lissafin tafiya a hankali ne. Ka kunna na'urar sanyi, ga kayan suna a but, ga gudu bayan ka wuce Nsawam, kafin Nkawkaw za ka ga lambar tana zuba. In kai kaɗai ne da sauƙi. Amma tsohuwa a gefen titi wajen Konongo, rana tsaka? Ban yarda ba. Ku hau bas ɗin VIP a tashar Circle.

Malama daga Mamobi:
Yaya, sauke PlugShare a wayarka, yana nuna wuraren caji da irin bakin kowanne. Sai dai kada ka dogara da taswira kawai, ka kira su kafin ka tashi. Na taɓa isa wani wuri na tarar an ɗauke wuta, na zauna awa biyu a banza. Ka tambayi kilowat nawa ce cajar: mai 7 za ta ci kusan awa shida kafin ta cika batir mai kilowat-awa 40. Ka sa kuɗi a MoMo kuma. In ka kai ta gidan ƙanwarka, soket ɗin bango zai haura awa 15, kuma don Allah ban da jona ta da doguwar wayar kasuwa, zafi take yi.

Mai tambaya:
Na duba, GB/T ce. Alhaji, na ji maganarka, bas za mu hau. Ɗan uwa na Madina, in da hali ranar Lahadi ta sama in zo mu gwada adaftarka a tawa kafin in saya. Allah Ya saka muku da alheri.