Shin cin gwajin TÜV ya isa shaida cewa motar zango ta fi sauran motoci ƙarko?

Alhaji Sani, Hamburg:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da na daɗe ina faɗa wa masu zuwa filina sayen mota, kuma ina so in ajiye ta a gabanku domin a tattauna. A ganina, cikin dukkan motocin hannu da ake sayarwa a nan Jamus, babu wadda ta kai motar zango ƙarko, wato irin wadda aka yi wa gado da madafa da banɗaki a ciki domin tafiye-tafiyen hutu. Hujjata ita ce gwajin lafiyar mota da muke kira TÜV. Rahoton da ake fitarwa kowace shekara yana nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan motoci ba sa cin gwajin a zuwan farko saboda babban lahani. Motocin rarraba kaya kuwa ba a magana, domin su ne suka fi yawa cikin waɗanda masu su ke gajiya da gyara, su sayar mana, mu loda a jirgi zuwa Kwatano. Amma motar zango mai shekara 15 sai ka kai ta, a duba ta sama da ƙasa, a manna mata tambari a lambar baya, ka juyo gida ba tare da an rubuta mata komai ba. Wanda ya sami irin wannan mota da sabon tambari, ni dai ina ce masa ya saya hankali kwance.

Malam Habibu, Essen:
Wa alaikumus salam. Alhaji, abin da ka gani da idonka gaskiya ne, nima ina ganinsa a garejin da nake aiki, sai dai ban yarda da hukuncin da ka ɗora a kansa ba. Mafi yawan motocin zangon da ke yawo a Turai a kan Fiat Ducato aka gina su, kuma Ducato da Peugeot Boxer da Citroën Jumper galibi daga masana'anta ɗaya suke fitowa, a Atessa ta ƙasar Italiya. Ke nan motar da ke rarraba kaya a cikin gari da wadda aka ɗora wa ɗaki a baya, ƙirar shasinsu da birkinsu da sitiyarinsu kusan ɗaya ce. Bambancin yana wajen wahalar da kowacce ta sha. Ta rarraba kaya tana kan titi kwana shida a mako, direba ya sauka wani ya hau, ta kuma sha gishirin da ake watsawa a titi duk hunturu. Ta zango kuwa sau da yawa lambar wasu watanni kawai take da ita, tun daga bazara zuwa kaka, sauran shekarar tana ajiye. Motar da ba ta yi tafiya ba dole fitilarta da shakazobarta su nuna lafiya a ranar gwaji.

Kuma ajiyar ma tana da nata ciwon, wanda masu saye ba sa lura da shi. Za a kawo mini mota tayoyinta da zanensu raɗau, sun wuce milimita 1.6 da doka ta gindaya nesa ba kusa ba, amma idan na haska tocila a gefen tayar sai in ga ƙananan tsaguwa sun zagaye ta. Akwai lambobi huɗu a jikin kowace taya da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2314 yana nufin mako na 23 na shekarar 2014. Rana da zama a wuri ɗaya ƙarƙashin nauyi su ne ke cinye irin wannan taya. Haka faifan birki ke yin tsatsa, birkin ya riƙe a gefe ɗaya, man birki kuma ya sha danshi ko an taka ko ba a taka ba.

Alhaji Sani:
Malam Habibu, ai ka ƙarfafa maganata ne. Tsaguwar taya da riƙewar birki duka suna cikin abin da mai gwaji ke dubawa. Yana ɗora motar a kan na'urar auna birki ya ga ko gefe ɗaya ya fi ɗaya kamawa, ya shiga rami ya bi ƙasanta da fitila, ya auna hayaƙi. Idan ya sami babban lahani ba zai ba da tambari ba, sai an gyara an dawo cikin wata ɗaya. To idan mota ta wuce duk wannan, ashe ciwon ajiyar da kake faɗa bai kama ta ba ke nan.

Hajiya Rabi, Birmingham:
Alhaji, da izininka zan shigo nan, domin mu muna da irin wannan mota, kuma abin da ya same mu ba ya cikin duk abin da ka lissafa. A nan Ingila gwajin ana kiransa MOT, ana fara shi idan mota ta cika shekara 3, daga nan kuma duk shekara, wato ya fi naku yawan zuwa. Hukumar da ke kula da gwajin da kanta ta bayyana cewa gwajin bai shafi lafiyar inji da kuloci da giya ba. Tamu ta ci gwaji ba tare da ko gargaɗi ɗaya ba, alhali bangon da ke bayan kabad ɗin madafa ya riga ya ruɓe. Abin da ya fara jawo hankalina wani wari ne da ke tashi idan an buɗe ƙofa da safe. Da maigida ya danna babban yatsansa a kusurwar da ke ƙarƙashin taga, sai allon ya lotsa kamar burodin da aka jiƙa, fuskar bangon kuwa tsaf take, babu tabo ko ɗaya. Ruwan sama ne ya riƙa bi ta bakin tagar rufi a hankali, inda roba ta bushe, yana gangarowa cikin katakon da ke tsakanin bango. Kuɗin wannan gyara ya fi duk abin da muka taɓa kashewa a kan injin, kuma babu mai gwajin da za a ce ya yi sakaci, domin ba aikinsa ba ne ya buɗe kabad.

Saboda haka ne kamfanonin da ke gina waɗannan ɗakuna suke sharɗanta cewa a riƙa kai motar ana auna danshi a kai a kai, yawanci duk shekara, in ba haka ba garantin yoyo ya faɗi. Wannan awo dabam yake da gwajin hanya, takardarsa ma dabam.

Nasiru, Kolon (Jamus):
Iyayena, ni ƙarami ne a cikinku, amma tunda aikina tuƙin motar rarraba kaya ne, ina so in ƙara abu ɗaya. Masu motar zango galibi dattawa ne masu hali, kuma ba sa zuwa wurin gwaji kai tsaye. Suna kai motar gareji ne, bakanike ya canja abin da ya gaji, sannan mai gwaji na ɗaya daga cikin kamfanonin gwajin, TÜV ko DEKRA ko GTÜ, ya zo garejin ya same ta a gyare. A takarda za a rubuta babu lahani, ko da jiya aka canja mata faifan birki da tayoyi huɗu. Mu kuwa sau da yawa daga aiki ake wucewa da motar, abin da aka samu a rubuta, sannan a gyara. Ina ganin sakamakon gwajin ya fi nuna wanda ya shirya kafin ya je, fiye da motar da ta fi ƙarfi.

Alhaji Sani:
Nasiru, Allah ya yi maka albarka, maganarka daidai ce, amma ka duba inda ta kai mu. Mai sayen motar hannu ai kulawar mai ita yake saye. Mutumin da ke kai motarsa gareji kafin gwaji, shi ne kuma ke canja baƙin mai a kan lokaci, shi ne ba ya barin kowa ya tuƙa masa. Ko dokar ƙasar nan ta yarda da wannan bambanci. Motar kaya da ba ta wuce tan 3.5 ba, gwajinta na farko bayan wata 24 ne, ta zango mai wannan nauyi kuwa sai ta yi wata 36, daidai da ƙaramar mota. Motar kaya da ta haura tan 3.5 duk shekara ake gwada ta, amma ta zango an bar ta shekara bibbiyu. Masu tsara dokar ba su yi haka a banza ba.

Hajiya, abin da ya same ku ya sosa mini rai, Allah ya mayar da alheri. Sai dai ni maganata a kan mota ce a matsayinta na mota, wato ta tashi, ta tafi, ta tsaya, ta dawo da mutum gida lafiya.

Malam Habibu:
Alhaji, dokar da ka kawo tana da ci gaba. Sassaucin da aka yi wa motar zango mai nauyi tsakanin tan 3.5 da 7.5 na wata 72 na farko ne kawai. Da zarar ta wuce shekara 6, ita ma duk shekara ake gwada ta, kuma ai tsofaffin muke magana a kai.

Tunda ka taƙaita magana a kan ta tashi ta dawo da mutum gida, to bari mu tsaya a nan ɗin. A injin Ducato mai lita 2.3 bel ne ke haɗa juyawar sama da ta ƙasa, kuma roba ce, shekaru suna cin ta ko motar ba ta motsa ba. Mai gwaji ba ya buɗe murfinsa. Mai motar yana kallon kilomita kaɗan a allo sai ya ɗauka da sauran lokaci, ranar da bel ɗin ya tsinke a kan babbar hanya kuwa injin ne gaba ɗaya ke tafiya. Sannan akwai nauyi, wanda a wurina ya fi komai haɗari. Lasisin tuƙi na rukunin B, wato na ƙananan motoci, ya tsaya a kilo 3,500, don haka ake yi wa yawancinsu rajista a wannan iyaka, alhali ɗakin da kayan cikinsa sun riga sun cinye mafi yawan nauyin tun daga masana'anta. Ana kai ta gwaji kusan wayam. Ranar tafiya kuma a cika tanki da ruwa lita 100, wato kilo 100, a sa tukwanen gas, a rataya kekuna a can ƙarshen baya, iyali su shiga da kayansu da abincinsu. Birkin da ya nuna lafiya a kan na'ura shi zai riƙe wannan lodi a gangaren duwatsun Ostiriya, tayar baya da ta tsufa a ajiye ita za ta ɗauki zafin rani. Motar kaya tana sauke kayanta da yamma, ita kuwa wannan tana ɗauke da ɗakinta dare da rana tsawon rayuwarta.

Malam Idi, Liyon:
Gaisuwa ga kowa. Ina biye da ku tun farko, kuma akwai abin da nake ganin an haɗa wuri ɗaya wanda bai kamata a haɗa ba. Ba duk motar zango ce ta fito daga masana'anta a haka ba. Da yawa tsofaffin motocin kaya ne da suka gama shan wahalar da Nasiru ya sani, wani ya saya ya yanka taga, ya shimfiɗa katako, ya ja wayar lantarki da tiyon gas da hannunsa, musamman a shekarun korona da mutane suka raja'a a kan irin wannan hutu. A nan Faransa gwaji yana farawa a shekara 4, sannan duk shekara 2, kuma tun da aka tsaurara shi a watan Mayun 2018, motar da aka mayar ta zango dindindin dole takardarta ta nuna haka, da alamar VASP, in ba haka ba ta faɗi. Samun wannan alama kuwa sai an tantance aikin gas da hanyoyin shigar iska. Alhaji, idan mutum ya ji ka ce motar zango ba ta faɗuwa gwaji, ya je ya sayi irin wannan, wace riba hujjarka ta yi masa?

Alhaji Sani:
Malam Idi, irin waɗannan ba na karɓarsu a filina, kuma ba su nake nufi ba. Ina magana ne a kan ginin masana'anta mai cikakken littafin gyara. Batun gas kuwa a nan an riga an toshe wannan kafa, domin tun 19 ga Yunin 2025 doka ta wajabta gwajin gas duk shekara 2 ga kowace motar zango mai na'urar gas a ciki, ana matsa iska a bututun a ga ko yana yoyo, kuma tiyo da kan tukunya ba sa wuce shekara 10 ba a canja su ba.

Hajiya Rabi:
Alhaji, wannan gwajin gas ɗin ai da takardarsa dabam yake zuwa, ba ya cikin tambarin da ke lambar baya. Ka fara da cewa tambari ya isa, yanzu ga littafin gyara, ga takardar gas, ga sharaɗin ginin masana'anta, ni kuma ina roƙon ka ƙara takardar awon danshi. A nan muna da sauƙi ɗaya, duk wanda ya san lambar mota zai iya duba tarihin gwajinta kyauta a shafin gwamnati, ya ga nisan tafiyar da aka rubuta kowace shekara da gargaɗin da aka yi mata. Ko a wurinku tsofaffin rahotannin gwaji suna ɗauke da kilomita, kuma jera su a gani ya fi kallon na ƙarshe shi kaɗai amfani, domin a nan ne za a gane motar da ta shekara biyu ba ta motsa ba.

Alhaji Sani:
Waɗannan takardu duka ina nemansu kafin in sayi mota, Hajiya, kuma ban hana kowa nemansu ba. Amma ina nan a kan bakana cewa idan aka ajiye mini Ducato biyu masu shekaru ɗaya, ta kaya da ta zango, kowacce da sabon tambari, ta zangon ce za ta fi daɗewa a kan titi. Akwai ɗaya ƙirar 2012 da ta shigo filina, ta ci gwaji ba lahani, duk mai shakka ƙofa a buɗe take.

Malam Habibu:
To Alhaji, kada ka sa mata kuɗi tukuna. In Allah ya yarda ranar Asabar zan shigo Hamburg da na'urar auna danshi, mu bi kusurwoyin tagogi da ƙasan gado da bakin tagar rufi, mu karanta shekarun tayoyin, mu nemi rasiɗin canjin bel. Daga nan mu cika tankin ruwa, mu hau mu huɗu, mu kai ta kan sikelin manyan motoci a auna gaba dabam, baya dabam.