Shawarwarin da suka fito daga zaman unguwa kan hayaniya a garin Gidar, arewacin Kamaru

Mun zauna a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, maganar kuma ɗaya ce: ƙarar lasifika da dare. Dattawa suka fara da bikin aure, inda ake kwana ana kiɗa har asuba, mai jinya da mai goyo ba su runtsa ba. Nan aka fi daɗewa. Wani malamin makaranta ya tunatar da mu cewa dokar ƙananan hukumomi ta Kamaru ta 2019 ta ɗora wa magajin gari kula da zaman lafiya da natsuwar jama'a, don haka yana iya tsayar da lokacin kashe lasifika. Shawararsa ita ce a rubuta koke da Faransanci, masu gidaje su sa hannu, a kai ofishin magajin gari, a bar kwafi wurin sufurefe, wato wakilin gwamnati a gunduma. Amma kafin takarda, in ji liman, a fara samun mai biki a gida a yi masa magana cikin mutunci, sannan a je wurin masu sarauta, jauro ko lawan. Ni ma nan na tsaya, don maƙwabcin da aka kai ƙara ba ya mantawa.

Masu injin niƙa da janareto kuwa, an ce a roƙe su su dakata bayan isha'i. Abincinsu ke nan, ba a matsa ba.

Mata suka kawo batun shara da kwatoci, suna so a yashe su tun watan Mayu, kafin damina ta kankama. Aka amince wakilai biyu su riƙa halartar zaman majalisar gari lokacin kasafin kuɗi, su tambayi inda harajin kasuwa yake tafiya.