Albashi ko kwangila: ƙarin kashi 25 ya isa?

Mai_Zane:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kamfani ne ya ba ni zaɓi biyu a kan aiki ɗaya: ko a ɗauke ni ma'aikaci mai albashi, ko in shiga a matsayin ɗan kwangila mai zaman kansa, a ƙara mini kashi 25 cikin ɗari a kan albashin. A ido dai kwangilar ta fi maiƙo. Me ya kamata in duba kafin in sa hannu?

Akanta:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka jera kuɗin kwangila da albashi ka ce wannan ya fi wancan, don ba abu ɗaya suke aunawa ba. Albashi yana zuwa da kaya a bayansa waɗanda ba ka gani a hannu: kason da kamfani ke zubawa a fanshonka, inshorar lafiya, hutun shekara da ake biya, ranakun ciwo, kwamfuta, intanet, manhajojin aiki. Ranar da ka zama ɗan kwangila duk waɗannan sun dawo wuyanka.

Ga misali, ka sa naka alƙaluman a gurbin nawa. A ce albashin 100 ne a wata, wato 1,200 a shekara. Kwangilar za ta ba ka 125 a wata, 1,500 ke nan idan an biya ka wata 12 cur. Amma ɗan kwangila ba a biyansa sai ranar da ya yi aiki. Cire wata ɗaya na hutu da rashin lafiya, cire wani watan na giɓi tsakanin ƙarewar yarjejeniya da sabunta ta, saura 1,250. Idan fansho da inshora da kayan aiki suka ci 300, abin da ya rage maka 950 ne. Ka ga ƙarin da aka yi maka ya koma ragi.

In kuma da kwastomomi da yawa za ka yi aiki, da kwana ake lissafi. Mako 52 sau kwana 5 ya ba ka 260. Bayan hutu da ranakun da ba a aiki, wajen 225 za su rage. A cikinsu ma kusan kwana ɗaya cikin biyar yana tafiya ne a neman sabon aiki, rubuta takardar neman biya da bin bashi, ba wanda zai biya ka ladansu. Saura 180. Raba 1,500 da 180, ka samu 8.3, kuɗin da za ka yanka a rana ke nan, alhali mai albashi 4.6 yake ci a rana (1,200 a raba da 260). Shi ya sa ƙwararru ke yanka farashin da sabon shiga yake ganin ya yi tsada.

Sai haraji. Mai albashi tun daga tushe ake cire masa, kai kuwa kuɗin zai shigo gaba ɗaya kamar duk naka ne. Buɗe asusu na daban, duk kuɗin da ya shigo ka tura kason haraji can a ranar. A Amurka, alal misali, ma'aikaci yana biyan kashi 7.65 na harajin fansho da lafiyar tsofaffi, kamfani ya biya sauran rabin, amma mai zaman kansa shi ke ɗaukar 15.3 ɗin duka. Kowace ƙasa da nata tsarin, ka nemi na inda kake.

Mai_Zane:
Na gode ƙwarai. To amma ni kamfanin nan kaɗai zan yi wa aiki, a ofishinsu, daga safe zuwa yamma. Lissafin bai canza ba?

Uwar_Gida_Lauya:
Ɗan'uwa, wannan bayanin naka shi ne babbar matsalar. Idan su ke yanka maka lokacin zuwa da tashi, da kayansu kake aiki, akwai shugaban da ke gaya maka yadda za ka yi, kuma ba ka da ikon karɓar aikin wani ko tura wani a madadinka, to kai ma'aikaci ne, suna kawai aka canza maka. Kura ce da fatar akuya: sun riƙe iko irin na mai gida, sun sauke nauyin da ke kan mai gida.

Ba a nan aka fara ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da shawara mai lamba 198 a 2006, wadda ta ce a duba yadda aikin yake gudana a zahiri, ba sunan da aka rubuta a takarda ba. A 2021 kotun ƙolin Birtaniya ta yanke cewa direbobin Uber ba masu zaman kansu ba ne, sun cancanci mafi ƙarancin albashi da hutun da ake biya, saboda kamfanin ne ke yanka kuɗin mota, shi ke tsara sharuɗɗa, yana kuma hukunta wanda ya yawaita ƙin ɗaukar fasinja. Sai dai shari'a tana cin shekaru, ba abin da za ka dogara da shi ba ne ranar da aka ce kada ka zo gobe.

In har kwangilar za ka ɗauka, kada ka sa hannu sai takardar ta fayyace iyakar aikin, da yawan gyaran da za ka yi kyauta (biyu ya isa, na uku a biya), da wa'adin sanarwa kafin kowane ɓangare ya janye. Ka nemi kafin alƙalami, kashi 30 zuwa 50, sauran a biya mataki-mataki. Kula da wa'adin biya: “kwana 30” daga yaushe? Daga ranar da ka miƙa takardar neman biya, ko daga ranar da suka amince da aikin? Idan na biyun ne, za su iya jan ƙafa wata uku ba su karya ko layi ɗaya ba. A kuma rubuta cewa haƙƙin mallakar zanen ba ya komawa hannunsu sai an gama biya. Duk sharaɗin da ya hana ka yi wa wasu aiki, ko a cire shi, ko a biya ka kuɗinsa.

Injiniya_Mai_Kansa:
Kada dai a tsorata shi da yawa. Kwangila tana da riba ga wanda ya riga ya yi suna, yake da kwastoma uku ko huɗu, da ajiyar da za ta riƙe gida wata shida. Shi ke ƙara farashinsa ba sai ya jira ƙarin girma ba, kuma in ɗaya ya tafi bai tashi a tutar babu ba. Amma kwastoma ɗaya, a ofishinsa, da ƙarin kashi 25? Ni dai albashin zan ce ka karɓa. Ka tuna banki ma ya fi saurin ba mai takardar albashi rance. In ka nace sai kwangila, ka koma musu da neman ƙarin kashi 50 zuwa 60, tare da 'yancin yi wa wasu aiki, ka ga abin da za su ce.